Yadda Za Ka Canja Ajastan Fanbel Ba Tare da Ka Gai da Bakanike Ba

Idan motarka ta kai shekarun da kullum safiya sai ta tashi unguwa da ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa, kuma bakaniken da ya san cikinta kuna gaba da shi, to jawo kujera. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, motarka za ta yi tsit, girmanka kuma ba zai zube ba. In ma ya zube, kaɗan ne, wanda za a iya kwashewa.

Ni dai ban taɓa riƙe sifana ba. Shinkafa da wake da man girki nake sayarwa a shagon kwana a nan San Juan. Amma shagona katanga ɗaya ce da gidan Profe Plinio Ogando, garejin Maestro Fausto kuma yana tsallaken titi, don haka komai a kan idona aka yi. Mai kallo ai ya fi mai yi sani, tun da shi mai yi gumi ya rufe masa ido.

Mataki na 1: Ka musa cewa akwai ƙara

Wannan shi ne tushen aiki. Duk wanda ya yi saurin yarda motarsa na ƙara, gobe zai yarda gwiwarsa ma tana yi.

Ka yi koyi da Profe Plinio. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da lissafi a firamare kafin ya yi ritaya, kuma rabin garin nan ya sha rula a hannunsa. Motarsa koriya ce, sunanta Carmela, ta hannu ya saye ta a shekarar da 'yarsa Yudelka ta shiga aji ɗaya. Wata takwas Carmela ta yi tana ƙiiii da zarar an murɗa makulli, daga baya ta ƙara da wani gwar-gwar kamar ana niƙa tsakuwa.

Matarsa Doña Ercilia ta ce, "Tsoho, motar nan kuka take."

Ya ce, "Gyaran murya take."

"Wata takwas tana gyaran murya? Yaushe za ta fara waƙar?"

Sai ya ƙara muryar rediyo. Kai ma haka za ka yi. Rediyon mota ba don labarai aka sa shi ba.

Mataki na 2: Ka jira har ruwa ya zo wuya

Kada ka gyara abu alhali da sauran lokaci. Gyaran da aka yi cikin natsuwa ba shi da labari.

Ranar wata Talata Yudelka ta bugo waya daga Madrid. Shekara shida rabonta da gida. Ta ce ran Lahadi da rana jirginta zai sauka a Santo Domingo, da ɗanta ɗan wata huɗu, jikan Profe na fari. Profe yana zaune a cikin Carmela yana ɗumama inji lokacin da ya amsa.

Ta ce, "Baba, don Allah ku ɗauki hayar mota. Daga nan ina jin Carmela."

"Layin ne ba shi da kyau."

"Baba, yaron nan ko cokali ya faɗi sai ya farka. Awa huɗu a cikin wannan ƙarar?"

Da ya shiga gida Doña Ercilia ta gama shari'a. Ta ce in har azahar ɗin Asabar ta yi motar ba ta yi shiru ba, bas ɗin ɗan ƙanenta za a ɗauka, ita kuma Carmela masu sayen gwangwan sun daɗe suna zawarcinta. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Ka tura ta tsallaken titi mana. Ka kai wa compadre Fausto."

Ya ce, "Wa kenan? Baƙo ne a garin?"

To, ga yadda abin yake. Fausto ne ya riƙe Yudelka a coci ranar da aka yi mata baftisma, tun daga ranar kuwa su biyun ba sa kiran juna da suna sai compadre. Shekara uku da suka wuce, a teburin domino na ƙofar shagona, Profe ya ce Fausto ya ɓoye ƙwaya a hannu, ya kira shi mai maguɗi a gaban jama'a. Fausto ya ce abin mamaki ne a ce wanda ba ya iya ƙirga ɗigo shida shi ya koya wa 'ya'yanmu lissafi. Aka tashi. Tun daga ranar ko atishawa ɗaya ya yi, ɗayan ba ya ce masa lafiya.

Mataki na 3: Ka fara da maganin gida

Sabulun wanki za ka goga wa fanbel, wato ɗamarar robar nan da ke juyawa a gaban inji. Kowa ya san wannan. Profe ya sayi sanda guda a wurina, ya goga, ya tayar da mota, ta yi shiru. Ya zagaya unguwa da gwiwar hannu a taga yana ɗaga wa mutane yatsa. Bai kai ƙofar coci ba ƙarar ta dawo, wannan karon da ƙamshi.

Ya dawo ya sayi sanda ta biyu. Ban hana shi ba. Mai shago ba likita ba ne.

Mataki na 4: Ka sayo kayan gyara ba tare da an gane ba ka san sunansa ba

Ka shiga shagon kayan mota da takun mai sani. Ka ɗora hannu a kanta, ka yi ɗan tari, ka dubi silin kamar sunan ne ya kwanta maka.

Ran Juma'a Profe ya yi duk wannan. Matar da ke kanta ta jira, ta jira. A ƙarshe ya duba hagu da dama, ya sunkuyo, ya ce, "Wanda ke yin ƙiiii, sannan gwar-gwar."

Ta ce, "Au, Profe, Carmela ce? Ajasta ne." Ta juya ta ɗauko kwali daga ƙasan kanta, an ma rubuta sunansa a jiki. Ta buɗe ta nuna masa: wani ƙarfe mai tsawon tafin hannu, da sifirin a cikinsa, da 'yar ƙafa mai juyawa a baki. "Shi ke danne fanbel don kada ya yi sako-sako. Boris ɗin da ke juya ƙafar naku ne ya cinye."

"Haka nake shirin cewa. Amma ya aka yi kika ajiye da sunana?"

"Maestro Fausto ne ya zo tun watan jiya. Ya ce daga garejinsa yana jin ta, mu nemo irin nata mu ajiye, don yanzu wahalar samu yake."

A nan ne ake gane namiji. Profe ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya tuna da bas ɗin ɗan ƙanen matarsa, ya tuna da masu gwangwan. Ya dawo ya zaro kuɗi ya ce, "Me kika ce ɗazu? Babur ya wuce, ban ji ba."

Ta ce, "Ban ce komai ba, Profe."

Ka riƙe wannan: abin da ba ka ji ba, ba ya bukatar godiya.

Mataki na 5: Ka zaɓi wurin aiki inda maƙiyinka zai gani

Kada ka ɓuya a bayan gida kamar mai yanka akuyar sata. Ka fito da mota bakin titi, gabanta na kallon garejin. Ka sa farar riga.

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar Profe ya ɗaga bonet. Kafin takwas da rabi na fitar da duk kujerun robar da nake da su, an cinye. Mai aski ya rufe shago ya zo. Na sayar da kofi fiye da na ranar zaɓe. Kowa ya zo da shawara, kuma babu shawarar da ta yi kama da 'yar'uwarta.

A tsallake, Maestro Fausto ya kife bokiti ya zauna, ya ba mu rabin baya, yana wanke wani kafireto da ya riga ya wanke jiya.

Mataki na 6: Ka cire fanbel, amma kada ka zana hanyarsa

Masu ƙaramin ilimi za su ce ka ɗauki hoton yadda fanbel ya zagaya fuli, wato 'yan ƙafafun da yake hawa a kansu, kafin ka taɓa shi. Doña Ercilia ma ta fito da wayarta.

Profe ya tare ta da hannu, ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Ga hoton nan a nan. Fuli shida ne kacal. Ni da na riƙe sunayen yara arba'in da biyar duk shekara?"

Ta ce, "Rabinsu 'kai yaro' kake ce musu." Ta koma ciki.

Yanzu sai ka sa dogon sifana a kan ajasta ka ja, sifirin ya saki, ka zame fanbel. A ja na farko sifanan zai kuɓuce, gaɓoɓin yatsunka su gaisa da inji. Kada ka yi ihu. Ka sa hannun a hammata, ka dubi sama kamar kana nazarin hadari. Profe ya yi nazarin hadari na kusan minti uku, alhali ko gizagizai babu.

A ja na biyu fanbel ya fita. Kuma gaskiya ɗaya ce, daga nan mutumin ya yi aiki mai kyau. Ya kwance noti biyu, ya fito da tsohon ajastan, ya juya ƙafarsa da yatsa, kowa ya ji tana ƙwaƙwar-ƙwaƙwar. Ya ɗaga shi sama kamar mai kamun kifi ya yi sa'a, ya ɗan juya shi wajen tsallaken titi. Ya goge wurin, ya zaunar da sabon daidai a gurbinsa, ya ɗaure tam. Farar rigar kam Allah Ya ji ƙanta.

Mataki na 7: Ka mayar da fanbel yadda ya ga dama

Fuli shida, fanbel ɗaya. Za ka ga kamar wasa ne.

Profe ya bi ta sama, fanbel ya yi tsawo har ana iya shanya a kansa. Ya bi ta ƙasa, ya gaza da taƙi guda. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake. Mai aski ya ce a fara daga altaneta. Wani ya ce shi a motar surukinsa daga ƙasa ake farawa. Wata tsohuwa ta ce a kira fadan coci ya yayyafa ruwa. Rana ta take. Doña Ercilia ta leƙo ta taga ta dubi agogon hannunta, ta ja labule.

Saura kwata sha biyu, fanbel ya shige. Ya zauna cif a kan kowane fuli, ba tsawo ba gajarta. Profe ya shiga mota, ya yi alamar gicciye, ya murɗa makulli.

Shiru. Inji na aiki, amma sai ka kasa kunne za ka ji.

Aka ɗauki tafi. Doña Ercilia ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta kama kumatunsa da baƙin mai da komai ta sumbace shi a gaban jama'a. Ya bar injin yana aiki don kowa ya ƙoshi da jin shirun, ya karɓi kofi, ya fara bayani a kan sifirin kamar a gaban allo. Ya kai kwata yana bayani. Sannan a hankali, kamar ba da gangan ba, ya dubi tsallaken titi.

Maestro Fausto ya miƙe daga kan bokiti.

Mataki na 8: In maƙiyi ya tsallako, ka ci gaba da goge hannu

Shekara uku ƙafar Fausto ba ta taka wannan gefen ba. Ko sigari zai saya, sai ya tafi shagon gaba. Ya tsallako a hankali, hannuwa a baya, jama'a suka dare. Bai dubi Profe ba. Ya leƙa cikin inji, ya daɗe, sannan ya cire hula.

Ya ce, "Sannu, Carmela. An kwana biyu."

Profe yana goge yatsa ɗaya da tsumma.

Fausto ya ce, "Carmela, ki gaya wa mai gidanki ya ɗaura ajasta da kyau. Amma ya bi da fanbel ta inda ba hanya. Famfon ruwanki baya yake juyawa."

Profe ya dubi fitilar motar ya ce, "Carmela, ki gaya wa baƙon nan ba a aika masa katin gayyata ba."

"Carmela, ki ce masa ya leƙa allurar zafi."

Mai aski ne ya zura kai ta taga. Ya fito ya ce, "Profe, ta wuce rabi. Tana hawa."

"Rana ce."

Sai muryar Fausto ta canja, wasan ya fita daga cikinta. Ya ce, "Carmela, a haka ko garin Azua da ke kan hanya ba za ki kai ba, za ki tafasa kamar tukunyar wake. In kuma kin yi taurin rai kin kai, a hanyar dawowa za ki mutu. Yarinyar nan da za ki ɗauko, a hannuna aka zuba mata ruwan baftisma, tana ƙanƙame da babban yatsana. Ba zan zauna a kan bokiti a bar ta a gefen titi cikin ranar Azua da ɗan wata huɗu ba, don wani tsoho yana jin kunya. Ki gaya masa haka."

Profe ya dubi tsumman hannunsa, ya dubi allurar. Ya miƙa hannu ta taga ya kashe mota.

Mataki na 9: Ka karɓi taimako ba tare da ka roƙa ba

Wannan matakin ya fi duk sauran wuya, kuma yawancin maza a nan suke faɗuwa.

Fausto bai taɓa injin ba. Da yatsa ya zana ƙawanya shida a ƙurar gilashin gaba, ya ja layi yana zagaya su. "Carmela, gefen fanbel mai tsaga-tsaga a kan fuli mai tsaga yake hawa. Bayansa mai santsi a kan mai santsi. Na famfon ruwa mai santsi ne. Ko ɗan aji ɗaya in an nuna masa zai gane."

Profe ya gyara tabarau ya dubi zanen. Ya ce, "Carmela, ƙawanyar nan ta uku ba ta rufe ba. Da a ajina ne, shida bisa goma." Amma ya bi zanen.

Ya kai fanbel kan fuli biyar, saura ɗaya. A nan dole mutum ɗaya ya ja sifana ya riƙe, ɗaya ya zura. Da safe shi kaɗai ya yi, da gwiwa da haƙori, yanzu hannun ya kumbura ya ƙi. Ya gwada sau biyu. Ya tsaya yana haki. Sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Carmela, da za a samu wani mai zaman banza ya riƙe sifanan nan, da ba laifi."

Fausto ya ce, "Carmela, yau ba ni da aiki." Ya naɗe hannun riga ya kama.

Kawuna biyu masu furfura a ƙarƙashin bonet ɗaya, kunne na gogar kunne, kowa na kallon wani wuri dabam. Fanbel ya shige. Aka tayar, aka bar ta rabin awa. Allura ta hau tsakiya ta yi zamanta.

Azahar ta riga ta wuce, amma Doña Ercilia ba ta ta da maganar agogo ba. Ta fito da faranti biyu na tsakin masara da naman akuya, ta ɗora a kan rufin motar, ta ce, "Carmela, ga abinci. Ki ba yaranki, tun da ke kaɗai suke jin maganarki."

Suka ci a tsaye, ɗaya a gefen direba, ɗaya a gefen fasinja.

Mataki na 10: Ka gwada aikin a doguwar hanya

Da sassafen Lahadi ina buɗe shago na ga Fausto a tsaye jikin motar, da gogaggiyar riga da akwatin kayan aiki. Da Profe ya fito, Fausto ya ce, "Carmela, ban gama yarda da aikin nan ba. Zan raka ki."

Profe ya ce, "Carmela, ki ce masa ƙofar gaba sai an ɗaga ta take rufuwa."

Sauran labarin daga bakin Doña Ercilia na ji, ita ce a kujerar baya. Ta ce awa huɗu suka yi, duk maganar da aka yi da motar aka yi ta. A filin jirgi Yudelka ta fito da goyo a ƙirji, ta rungume uwarta, ta rungume ubanta, Profe ya karɓi jikansa, tabaransa suka yi hazo. Sai ta hango wanda ke tsaye can baya da hula a hannu. Ta saki jaka ta ce, "Baba Fausto!" Ta faɗa jikinsa tana kuka. Da ta ɗago ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce, "Kun shirya! Mama, ba ki gaya mini sun shirya ba!"

Profe ya ce bari ya duba kaya. Fausto ya ce bari ya duba taya.

A hanyar dawowa yaron ya yi barci tun kafin su fita daga birni. Carmela na tafiya sumul. Suna shiga Baní, Profe ya ɗaga ido yana leƙen jikansa ta madubi, bai lura da tudun rage gudu a gabansa ba. Fausto ya dafa masa hannu, ya raɗa, "Compadre, a hankali, yaro na barci."

Profe ya taka birki, motar ta haye tudun kamar kwale-kwale. Ya ce, "Na gani, compadre."

Doña Ercilia ta mintsini Yudelka a cinya don kada ta yi magana. Aka yi tafiya mai ɗan nisa, kowa na kallon titi.

Can Profe ya raɗa, "Amma dai ni na ɗaura ajastan nan."

"Kai ka ɗaura. Ni na sa fanbel."

"Sifana ka riƙe, compadre."

"To wa ya yi zanen?"

"Zanen da ƙawanyarsa ba ta rufe ba?"

Haka suka yi ta gardama cikin raɗa, suka wuce Azua, har suka shigo San Juan. Yaron bai farka ba sai da aka kashe mota a ƙofar gida.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. In ka fasa yatsa, ba ni na riƙe sifana ba. In injinka ya tafasa a tsakiyar daji, ban san ka ba, ban taɓa ganin motarka ba. In matarka ta karanta wannan kafin kai, ka ce wani ne ya manta da shi a gidan. In kuwa garin gyaran mota ka yi sakaci har gabar da ka yi shekaru kana kiwonta ta mutu a hannunka, ka wayi gari tsohon amininka na zaune a barandarka yana shan kofinka yana ƙaryata duk abin da ka faɗa, kada ka zo shagona da ƙorafi. Shinkafa nake sayarwa.